Ranar da Yaro Ya Fara Nazare: Yaya Iyaye Za Su Yi da Zuciyarsu?

A watan Satumba, lokacin da gero ya nuna a gonakin Kaikai da sauran garuruwan Kusada da Kankia, makarantu sukan buɗe sabuwar shekarar karatu. Wanda ya tsaya a ƙofar makaranta da safe zai ga yara 'yan shekara uku ko huɗu sun riƙe zanen uwa suna kuka. Kowa yaron yake kallo, ba a cika duban uwar ba. Ita kuwa takan juya da sauri, ta yi kamar ƙura ce ta shiga mata ido. Wata 'yar'uwa ta gaya mini cewa ranar da ta kai autanta, sau biyu ta zuba gishiri a miya, kuma duk kukan yaron da ta ji daga maƙwabta sai ta zabura. Ta tambaye ni ko wannan rashin bangaskiya ne. Amsar ita ce a'a. Damuwar da iyaye ke ji a wannan rana alamar shaƙuwa ce. Abin da ya rage shi ne mu san yadda za mu riƙe ta, domin yaro fuskarmu yake duba kafin ya yanke ko wurin nan abin tsoro ne.

Daga ina wannan ciwon yake fitowa?

Jariri yakan fara ƙyuya wajen wata shida zuwa takwas. Abin yakan yi ƙarfi bayan ya cika shekara, sa'an nan ya riƙa raguwa wajen shekara uku, amma sabon wuri yakan sake tayar da shi. Wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 a kan muhimmancin kusancin ƙaramin yaro da mai renonsa. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta je Uganda, inda a 1954 da 1955 ta riƙa shiga gidaje kusa da Kampala tana kallon uwaye da jariransu. Ta lura cewa yaron da ya amince da uwarsa yakan rarrafa ya tafi wasa, ya waiwayo ya tabbatar tana nan, ya ci gaba. Wato yaro yana samun ƙarfin yin nisa ne idan ya tabbata akwai wurin komawa.

Shaƙuwar nan ba ta gefe ɗaya ba ce. Uwar da ta shekara uku tana goyo, tana kwana da yaro a gefenta, jikinta ya saba da nauyinsa. Ranar da bayanta ya zama wayam dole ta ji.

Ba yau muka fara rabuwa ba

Mu Hausawa mun san wannan tun kafin zuwan boko. Idan yaro ya kusa shekara biyu akan yaye shi, sau da yawa a kai shi wurin kakarsa ya yi kwanaki. Yaro yana kuka a can, uwa tana fama da ciwon nono a nan. Amma ba a barinta ita kaɗai, tsofaffi suna kewaye da ita, kuma ta san hannun da ɗanta yake. Bambancin nazare shi ne, wannan karon baƙuwa za a miƙa wa yaro, kuma da wuya wani ya zo ya ce wa uwar sannu.

Akwai kuma kunya. A gidaje da yawa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna kulawa da shi a gaban mutane. Uba kuwa an koya masa cewa namiji ba ya nuna rauni. Saboda haka damuwar takan ɓuya, ta fito ta wata ƙofa: faɗa da miji a kan kuɗin makaranta, yi wa manyan yara tsawa, ko neman laifin malama. Wasu sukan cire yaron bayan kwana uku su ce bai isa ba, alhali zuciyarsu ce ba ta shirya ba.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san labarin Hannatu a 1 Sama'ila sura 1 da 2. Bayan ta yaye Sama'ila, ta kai shi Shilo ta bar shi a hannun Eli. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ta sake shi, amma ba ta daina zama uwarsa ba. Ta mai da kewarta aikin hannu mai amfani ga yaron.

A bambanta kewa da tsoro mai dalili

A Jihar Katsina ba za mu ce duk fargabar iyaye zato ba ce. A Disamba 2020 an sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. Iyaye ba su manta ba. Irin wannan tsoro ba a magance shi da cewa "ki daina tunani". Tambaya ake yi. Makarantar tana da katanga da mai gadi? Wa aka yarda ya ɗauki yaro idan an tashi? Yara nawa ne a hannun malama ɗaya? Akwai ruwan sha da bayan gida? Idan yaro ya yi zazzaɓi, yaya za a sanar da ku? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin ƙarshen damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. Ku karɓi lambar wayar malama, ku ba ta taku.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara kafin firamare, shi ya sa makarantun firamare na gwamnati da yawa suke da ajin share fage. Ko ta gwamnati ce ko ta kuɗi, kuna da hakkin shiga ku gani da idonku. Idan an amsa tambayoyinku amma zuciya ba ta kwanta ba, to abin da ya rage kewa ce, ita kuwa lokaci ne maganinta.

Abin da za a yi

Kafin ranar, ku je da yaron ya ga aji, ya gaisa da malama. Kada a riƙa yi masa barazana da makaranta, irin su "bari in kai ka malam ya zane ka". Wanda aka tsorata da wuri ba zai shige shi da murna ba.

A ranar, sallama ta zama gajeriya kuma ta gaskiya. Ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce, "Zan tafi gida, zan dawo in ɗauke ka lokacin abincin rana." Yaro bai san ƙarfe goma sha biyu ba, amma ya san lokacin tuwo. Kada ki sulale yana wasa, kada ki ce za ki sayo alawa ki dawo yanzu. Dabarar tana rage kukan yau, amma tana koya masa cewa uwa tana iya ɓacewa ba labari, gobe sai ya ƙara ƙanƙame ki. Kada kuma ki tsaya leƙe ta taga. Yara da yawa sukan yi shiru jim kaɗan bayan iyaye sun tafi. Idan hawaye ya zo, ki bari sai kin fita. Yaro ya ga idonki ya cika ba laifi ba ne, muddin muryarki a kwance take.

Bayan kin koma gida, ki tanadi aikin da zai cika safiyar, ki kuma faɗa wa wani abin da kike ji. A nan zumuntar mata tana da aiki: wadda ta riga ta bi hanyar nan ta leƙa wadda ta fara. Maigida, kada ka ce mata "mene ne abin kuka?" Ka ce mata sannu, wata rana kuma kai ka kai yaron da kanka.

Abu mafi muhimmanci, ku zo ɗaukarsa a kan lokaci. Kowace ranar da kuka cika alkawari, yaron yana ƙara yarda cewa tafiya tana da dawowa, ku ma haka. Kada ku yi mamaki idan ya fashe da kuka da ganinku, ko ya koma fitsarin kwance na ɗan lokaci. Ya riƙe kansa ne duk safiya, sai a wurinku ya sami inda zai sauke.

Yaushe za a nemi taimako?

Yawancin yara sukan saba cikin 'yan makonni. Idan an wuce wata guda yaro ba ya cin abinci, ko yana firgita da jin sunan wani mutum, ko kun ga tabon duka a jikinsa, ku je ku ga shugaban makaranta ba tare da jinkiri ba. Haka ma uwa ko uba: idan rashin barci, kuka da faɗuwar gaba sun wuce mako biyu har suna hana aiki, a je asibiti a yi magana da ma'aikacin lafiya. Neman taimako ba abin kunya ba ne.

'Yan'uwa, ƙofar nazare ita ce ta farko cikin ƙofofi da yawa. Akwai firamare, akwai makarantar kwana, akwai ranar aure. A kowacce za mu tsaya a baya, yaron ya wuce. Abin da zai tafi da shi shi ne tabbacin cewa idan ya waiwayo zai same mu. 'Yar'uwar nan da ta cika gishiri a miya, bayan mako uku ta zo tana dariya. Ta ce yanzu da sun isa ƙofa yaron yakan saki hannunta ya ruga, ita ce take kiransa ya dawo su yi sallama.