Abin da Na Koyo a Ɗakin MCC Lokacin IT

Ranar da na fara IT a wata masana'anta a Sharaɗa, na zaci moto za a ba ni in warware in sake naɗawa. Sai Oga ya miƙo min burushi da kwaɗo, ya ce, "Yaro, biyo ni." Gaskiya raina bai so ba.

Ɗakin MCC muka shiga. Ga 'yan ND 1 da ba su taɓa gani ba: dogon kabad ne na ƙarfe, an raba shi gida-gida, kowane gida na kula da moto ɗaya. A ciki akwai bireka, da kwantakta mai haɗa wuta da yanke ta, da obalod mai tsayar da moto idan ya ja wuta fiye da ƙima. A baya kuma sandunan tagulla ne ɗauke da layi uku na 415V.

Kafin a taɓa komai, sai an kashe wuta an sa kwaɗo, makullin kuma yana aljihunka, ba a hannun abokinka ba. Sannan ka gwada mitarka a inda ka san akwai wuta, ka auna fanel ɗin, ka sake komawa ka gwada mitar. Wannan 'yar testar da muke yawo da ita a aljihu ba abin dogaro ba ce a nan. Wani gidan ma wutar kwantirol ɗinsa daga wani wuri take zuwa, kuma VFD yana riƙe caji na wasu mintoci bayan an kashe shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sukuru. Waya tana zafi ta buɗe, ta huce ta tsuke, kwantakta na bugawa yana girgiza komai, a hankali sukurun ya saki. Ku tuna I²R ɗin nan da muke haddacewa don jarrabawa. Amfiya 50 ta bi ta mahaɗar da turjiyarta ta kai 0.01 ohm, wat 25 ke nan na zafi a wurin da bai wuce farce ba. Idan wutar ta ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Roba ta ƙone, layi ɗaya ya yanke, moto ya ci gaba da juyawa a kan layi biyu yana jan wuta da yawa. A nan ne obalod ya kamata ya cece shi.

To mu namu bai ceta ba. Wani ya gaji da yadda yake yanke wuta, maimakon ya nemi dalili sai ya murɗa shi sama, ya wuce amfiyar da ke rubuce a jikin moton. Ƙaurin da na shaƙa ranar har yanzu ban manta ba, kuma layin aikin ya tsaya har aka kawo wani moton.

Ɗaurewar ma da ƙa'ida: akwai ƙarfin da kamfanin da ya ƙera kayan ya rubuta, wuce shi ɓarna ne. Ƙurar hunturu kuwa zuƙe ta ake yi, don bulowa cusa ta take yi cikin kwantakta, damina ta zo ta jiƙa ta, wuta ta sami hanya. Ramin da kebur ya shigo a toshe shi, in ba haka ba ƙadangare ko ɓera zai kwanta tsakanin layi biyu.

Daga ƙarshe mukan auna rufin wayar moto da mega, bayan an cire VFD, a rubuta a littafi. Na ce, "Oga, ai lambar ta yi kyau." Ya buɗe shafin bara ya ce in kwatanta. Ta sauka sosai. Moton nan muka sa a jerin waɗanda za a buɗe ranar Asabar.