Yadda Masu Teɓa Suka Shiga Gudun Famfalaki

A ƙasar Hausa, idan aka hangi magidanci mai shekara 40 ya tattare riga yana sheƙa gudu a bakin titi, abu na farko da jama'a za su yi shi ne su waiwaya su ga abin da ya biyo shi. Gudu na yara ne da 'yan ƙwallo da kuratan soja, babba kuwa da tafiyar ƙasaita aka san shi. To, amma masu iya magana sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ga akawun da ke wuni a kan kujera, da ɗan kasuwar da ba ya barin bakin kanti sai lokacin salla, da direban da ƙafarsa ba ta san komai ba sai totur da birki, sa gudun ya riga ya iso, watau hawan jini da ciwon sukari da teɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, ko kuwa minti 75 na mai tsanani irin gudu. Abin tambaya a nan shi ne, mutumin da rabonsa da gudu tun yana makarantar firamare, ta ina zai fara?

An daɗe da samo amsar, kuma a tsakanin dattawa marasa ƙarfi aka samo ta. A birnin Auckland na ƙasar New Zealand an yi wani mai horar da 'yan tsere da ake kira Arthur Lydiard, wanda almajiransa biyu, Peter Snell da Murray Halberg, suka ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960. Dabararsa ita ce doguwar sassarfa a hankali kafin a kai ga maganar sauri. Da ya ga abin da wannan ke yi wa zuciyar samari, sai ya gwada shi a kan manya. A 1962 aka kafa ƙungiyar masu sassarfa ta Auckland, yawancinsu magidanta masu ƙiba, waɗansu ma sun taɓa kwanciya da ciwon zuciya. A wancan zamani kuwa, abin da aka saba gaya wa mai ciwon zuciya shi ne ya kwanta ya huta.

A ƙarshen wannan shekara wani shahararren mai horar da 'yan tsere na Jami'ar Oregon ta Amurka, Bill Bowerman, ya kai ziyara ƙasar tare da yaransa. Shekararsa 51, kuma yana ganin kansa lafiyayye. Lydiard ya gayyace shi fita da ƙungiyar da safe. Ba a yi nisa ba aka fara hawan tudu, sai numfashi ya gagari baƙon, jama'a suka wuce suka bar shi. Wanda ya rage gudu don ya taya shi tafiya wani tsoho ne da ya haura shekara 70, wanda shi kansa ya sha fama da ciwon zuciya. Wannan kunya ita ce ta yi aiki. Bowerman ya ci gaba da fita kullum har ya bar ƙasar, da ya koma gida kuma ya buɗe ajin sassarfa ga mutanen garin Eugene, maza da mata. A 1967 shi da wani likitan zuciya, Waldo Harris, suka fitar da ɗan littafi mai suna Jogging, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Shi ne kuma ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin da ya zama Nike, wanda ya ci kasuwar takalmi ƙwarai daga wannan sabon yayi.

Daga nan tseren kan titi ya sake kama. Gudun famfalaki, mai nisan kilomita 42 da mita 195, a da sai 'yan tsiraru masu taurin rai. Ran 13 ga Satumba 1970 aka yi na farko na birnin New York, mutum 127 suka biya dala ɗai-ɗai suka shiga, 55 suka kai ƙarshe, kuma wani ma'aikacin kashe gobara ne ya zo na ɗaya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya shi, Fred Lebow, ɗan kasuwar tufafi ne da ya fara gudu don kawai ya daina saurin gajiya a wasan tanis. Ya shiga tseren da kansa ya zo na 45. A 2024 waɗanda suka kammala wannan tsere sun haura 55,000. Landan ta bi sawu a watan Maris 1981, inda mutum 6,255 suka kammala. Mata kuwa sai da suka yi da gaske kafin a ba su wuri: a 1967 wani jami'in tseren Boston ya yi yunƙurin fizge lambar Kathrine Switzer tana cikin gudu, ba a yarda da mata a hukumance a can ba sai 1972, kuma sai a 1984 suka sami nasu famfalakin a Olamfik. A cikin dubban da ke cika waɗannan tituna, waɗanda ke neman kofi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da masu fansho, burinsu kawai su ƙetare layin ƙarshe da ƙafafunsu.

GAGGAWA CE KE KAYAR DA SABON SHIGA

Da yawa daga cikin waɗanda suka fara gudu suka bari, tun da wuri suke bari, kuma dalilin kusan iri ɗaya ne. Mutum ya sayi kambas, ya fita da asuba cike da ƙwazo, ya zura da gudu kamar yadda yake yi yana ɗan shekara 15. Kafin ya ci mita 300 ƙirji ya ɗau zafi, numfashi ya sarƙe, ya tsaya yana dafe da gwiwa. Ya koma gida ya yanke wa kansa hukunci cewa jikinsa ba na gudu ba ne. Alhali kuwa laifin na saurin ne.

Akwai ma'auni mai sauƙi da masu horarwa ke amfani da shi tun zamanin su Lydiard: in mutum yana gudu kuma yana iya yi wa abokin tafiyarsa magana jimla guda ba tare da haki ya katse shi ba, to saurin ya yi daidai. In maganar ta gagara, sai a rage, ko da ragewar za ta kai ga tafiya. Tafiya a tsakiyar gudu ba abin kunya ba ce, a kanta ma aka gina tsarin da ya fi shahara ga sababbi. Wani Ba'amurke mai suna Josh Clark, wanda shi ma a da ya tsani gudu, shi ya rubuta shi a 1996 domin mahaifiyarsa, daga baya kuma hukumar kiwon lafiya ta Ingila ta karɓe shi tana yaɗawa. Tsarin na mako 9 ne, fita uku a mako, da ranar hutu a tsakani. A makon farko, bayan tafiyar minti 5 don jiki ya saki, mutum zai yi sassarfa ta minti ɗaya, ya yi tafiya ta minti ɗaya da rabi, ya yi ta maimaitawa har minti 20. Kowane mako ana ƙara gudun ana rage tafiyar, har a mako na 9 a iya minti 30 ba tsayawa, wanda ga mutane da dama ya kusa kilomita 5. Wanda mako ya yi wa nauyi sai ya maimaita shi, ba wanda ke riƙe masa da agogo.

Ranakun hutun nan su ne sababbi suka fi rainawa, kuma su ne suka fi muhimmanci. Dalili kuwa shi ne sassan jiki ba sa ƙarfafa tare. Zuciya da huhu suna saurin sabawa. Cikin 'yan makonni mutum zai ji haki ya ragu, hawan bene ya daina ba shi wuya. Amma ƙashi da gaɓoɓi da jijiyar agara watanni suke ɗauka kafin su saba da dukan ƙasa, domin kowane taku na gudu yana ɗora wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu ko fiye. Saboda haka lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da numfashi ke cewa a ƙara, ƙafa kuwa ba ta shirya ba. A nan ne ciwon ƙwauri da na gwiwa da na diddige ke shigowa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwon da ya tsaya wuri guda a kan ƙashi, yana ƙaruwa in ana gudu, shi ne ke bukatar a dakata. Filin makaranta ko hanyar burji sun fi kwalta sauƙi ga ƙafa, takalmi kuma wanda bai matse yatsu ba ya wadatar, ko da na gwanjo ne.

LABARIN JIM FIXX

Duk mai son hana wani gudu, da sunan mutum ɗaya yake kafa hujja. Jim Fixx ɗan jarida ne a Amurka. A 1967, yana da shekara 35, nauyinsa ya kai kilo 97, kuma yana shan kwalin taba biyu a rana. Ya fara gudu, ya bar taba, ya zubar da kusan kilo 27, a 1977 kuma ya wallafa littafinsa The Complete Book of Running, wanda ya sa dubban mutane irinsa suka fito titi. Ran 20 ga Yuli 1984 aka tsinci gawarsa a gefen hanya a jihar Vermont, ya faɗi yana cikin gudu, yana da shekara 52.

Da likitoci suka bincika gawar sai suka tarar manyan hanyoyin jini uku na zuciyarsa sun toshe, ɗaya ma kusan gaba ɗaya. Mahaifinsa ciwon zuciya ne ya kashe shi yana da shekara 43. Watau Fixx ya gaji cutar, ya ƙara mata da shekarun taba da ƙiba, sa'an nan bai je an yi masa gwajin zuciya irin na masu motsa jiki ba, ko da yake an ba shi shawarar haka. Masu cewa gudu ne ya kashe shi sun manta ya ɗara mahaifinsa da shekara 9; masu cewa gudu maganin kowace cuta ne su ma labarin bai bar su ba. Wani bincike da aka buga a 2012 ya duba mutum miliyan 10.9 da suka shiga famfalaki da rabin famfalaki a Amurka daga 2000 zuwa 2010, ya sami mutum 59 da zuciyarsu ta tsaya, 42 daga ciki suka rasu. Haɗarin ƙanƙane ne, amma yana nan, kuma ya fi faɗa wa maza. Saboda haka wanda ya haura 40, ko yake da hawan jini ko sukari, ko aka taɓa mutuwar fuju'a a danginsa, lalle ya fara da ganin likita. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashin da ya ƙi komawa daidai bayan an tsaya, alamu ne na a nufi asibiti.

A ƙasa mai zafi kamar Nijeriya akwai ƙarin abin lura. Bayan sallar asuba ko dab da magariba su ne lokutan fita, musamman a watannin bazara. Ba a gudu da zazzaɓi a jiki, ko da an sha magani an ji dama-dama. Mai asma ya kiyayi ranakun da ƙurar hunturu ta yi kauri, mai ɗauke da ƙwayar sikila kuma ya guji matsa wa kansa a cikin rana da ƙishirwa. A watan azumi, bayan an sha ruwa an huta ya fi.

Wanda ya kai ga iya kilomita 5, sai maganar shiga tsere. A Ikko, tun watan Fabrairu 2016 aka soma babban gudun famfalaki na birnin, inda aka tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere, aka bi ta kan doguwar gadar nan ta uku, aka ƙare a Eko Atlantic. Daga baya aka ƙara na kilomita 10 domin gama-garin jama'a. A Okpekpe ta jihar Edo ma an fara tseren kilomita 10 a kan tuddai a 2013. 'Yan Kenya da Habasha ne suka saba kwashe manyan kyaututtukan, amma wannan bai shafi sabon shiga ba. Abin da ya dace da shi shi ne kilomita 10 bayan wata huɗu ko shida na horo, famfalaki kuwa sai ya shekara yana gudu.

Kurakuran ranar tsere sanannu ne. Akwai sa sabon takalmi, wanda kan haifar da bororo tun kafin rabin hanya. Akwai biye wa taro a kilomita ta farko, a ƙone ƙarfin da za a nema a ta takwas. Akwai kuma wanda mutane ba su cika sani ba, watau ɗirkar ruwa fiye da kima. Mai tafiya a hankali yakan daɗe a hanya, yana sha a kowace tasha, har gishirin jininsa ya tsinke, abin da kan kawo ciwon kai da ruɗewa, wani lokaci har mutuwa. A tseren Boston na 2002, kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka auna jininsu bayan sun gama an same su da wannan matsala. A sha in an ji ƙishirwa, shi ke nan.

Saura tsoron zama na ƙarshe, wanda ya hana mutane da yawa rubuta sunansu. A Ingila an yi wa wannan dabara. A watan Oktoba 2004 wani mai suna Paul Sinton-Hewitt ya tara mutum 13 a dandalin Bushy Park na Landan suka yi kilomita 5, abin da ya zama parkrun, gudun kyauta na kowace Asabar da safe, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu tun 2011. A kowane taro akan naɗa ɗan sa-kai guda wanda aikinsa shi ne ya tafi a bayan kowa, ya jira mai ɗingishi da mai tura keken jariri, sa'an nan shi ya ƙetare layin a ƙarshe, a rubuta sunansa a gindin takarda.