Guba A Cikin Nonon Uwa: Me Ya Kamata Mu Yi?

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi a ikilisiyoyin yankin Bena, iyaye mata sukan tambaye mu: "Gaskiya ne maganin feshi yana shiga nono?" Gaskiya ne. Amma kada wannan ya sa wata ta yaye ɗanta. Bari mu yi bayani dalla-dalla.

Yadda guba ke shiga

Akwai magungunan ƙwari da ba sa lalacewa da wuri, kamar DDT da Gammalin 20. Sukan daɗe shekaru a cikin ƙasa da ruwa. Idan mutum ya ci waken da aka adana da su, ko kifin da aka kashe da su a rafi, jiki ba ya iya fitar da su duka. Sai su kwanta a cikin kitse. Da yake nono yana da maiƙo, lokacin da mace take shayarwa wani kashi na gubar yakan bi nonon zuwa ga jariri. Ɗan fari ya fi samu, domin shi ne ke karɓar abin da uwar ta tara tun tana yarinya. Saboda irin wannan haɗari ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Stockholm a 2001, kuma a 2008 hukumar NAFDAC ta hana amfani da waɗannan magunguna a Najeriya.

Guba ta biyu ita ce dalma. Ita kuma a ƙashi take zama. Lokacin ciki da goyo, jikin uwa yakan ɗebo sinadarin gina ƙashi daga ƙasusuwanta domin jariri, sai dalmar ta fito tare da shi. Ba labarin nesa ba ne. A 2010, a maƙwabciyarmu Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, domin ana niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Yawancin yaran nan ƙurar tsakar gida ce ta kama su, amma uwa mai dalma a jini tana iya ba ɗanta tun yana ciki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi karatu yana yi masa wuya.

To, a daina ba da nono ke nan?

A'a! Abin da ke bi ta nono kaɗan ne idan aka kwatanta da amfaninsa. Nono yana kare jariri daga zawo da ciwon ƙirji, waɗanda su ne ke kashe yaranmu da yawa. Madarar gwangwani tana da tsada, kuma idan aka dama ta da ruwan rijiya marar tsabta, zawo zai biyo baya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2. Maganin shi ne a hana gubar shiga jikin uwar tun farko.

Abin da kowane gida zai iya yi

1. Mace mai ciki ko mai goyo kada ta yi feshi, kada ta wanke kayan feshi.
2. Kada a zuba ruwa, mai ko kunu a jarkar magani, ko an wanke ta.
3. A adana wake a buhun PICS mai riɓi uku, ba ya bukatar magani.
4. Kada a zuba magani a rafi domin kamun kifi.
5. Kada a kawo dutsen zinare gida. Mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro.
6. A daina sa wa jarirai kwalli, domin na dutse yakan ƙunshi dalma.
7. Mai goyo ta riƙa samun nono, zogale, miyar kuka da ƙananan kifi.

Maza, yawancin aikin nan naku ne, domin ku ne ke sayen magani a kasuwa. Shugabannin zumuntar mata, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Idan yaro yana farfaɗiya ko amai ba tare da zazzaɓi ba, a kai shi asibiti nan da nan, a faɗa wa ma'aikacin lafiya irin aikin da ake yi a gidan.