Gora a Cikin Kwamfuta: Abin da Ke Sa Ido Ya Yarda

A cikin abubuwan da mai koyon zanen 3D zai gwada ƙerawa a kwamfuta, da wuya a samu wanda ya kai gora sauƙi a ido. Sanda ce doguwa, mulmulalliya, da gaɓoɓi jere a jikinta. Nan da nan ɗalibi zai miƙar da ita a manhajar Blender, ya shafa mata kore, ya haska ta. Amma da hoton ya fito, ko wanda bai san komai a harkar ba zai ce ai wannan bututun roba ne. Ba lalle ya iya faɗin abin da ya rasa ba, idonsa dai ya ƙi yarda.

Fata ce ta rasa. A wannan sana'a siffar abu daban take, fatarsa daban. Siffa ana gina ta ne da dubban ƙananan alwatika da ake harhaɗawa, fata kuwa hoto ne da ake lulluɓa wa siffar. Edwin Catmull, wanda daga baya ya shugabanci kamfanin Pixar, shi ya bayyana wannan dabara a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Utah da ke Amurka a 1974. Ka ɗauka takardar da ke manne a jikin gwangwanin madara ce: in ka ɓare ta, shimfiɗaɗɗiya ce, in ka mayar da ita sai ta bi zagayen gwangwanin. Haka kwamfuta ke naɗa hoto a jikin gora, kuma aikin mai zane ne ya ɓoye inda bakin hoton biyu suka haɗu, ya hana shi miƙewa a kan gaɓa.

Launi kaɗai bai isa ba, domin ido yana gane abu ne ta yadda haske ke sauka a kansa. A 1978 James Blinn ya ƙirƙiro hanyar sa haske ya sauka a shafaffen wuri kamar akwai tudu da kwari, alhali ba a taɓa siffar ba. Dabarar tana da arha wajen lissafi, tana kuma fitar da siraran layukan jikin gora da kyau, sai dai in ka dubi gefen abin za ka gan shi sumul, asiri ya tonu. A 1984 Robert Cook ya kawo hanyar da ke tura siffar kanta ta kumbura inda ya kamata. Gaɓar gora irin wannan take buƙata, tunda kumburinta ake fara gani daga nesa. Yau ana jera hotuna da yawa a kan abu guda: ɗaya na launi, ɗaya na tudu da kwari, ɗaya kuma na nuna inda ke da santsi da inda ke da kaushi. Tsarin da Brent Burley na kamfanin Disney ya gabatar a 2012 ne ya daidaita wa masu sana'ar wannan aiki, kuma irinsa ya shiga Blender a 2017.

Ke nan kayan aiki sun samu. Abin da ke kayar da mafi yawan masu zane shi ne ba su tsaya sun dubi gorar ba.

Gora ba itace ba ce. Ciyawa ce, dangin rake da dawa da shinkafa, kuma irinta ya haura 1,400. Ba ta da zoben shekaru irin na bishiya. In ka yanke ta, ɗigo-ɗigo za ka gani a kaurin bangonta, cunkushe ta wajen baya, warwatse ta wajen ciki. Bakin zaruruwan da suka miƙe daga gindi zuwa sama ke nan. Duk wanda ya ɗauko hoton katako ya rina shi rawaya ya ce gora ce, tun a nan ya ɓata rawarsa da tsalle.

Sai gaɓa, inda gwaninta take. A yawancin irin gora layi biyu ne a wurin: tabon da kuben da ya rufe ta tana tsiro ya bari bayan ya faɗi, da kuma ɗan tudu a samansa. Mutanen Japan da haka suke bambance manyan gorarsu biyu, madake mai zobe biyu a fili, da moso wadda zobe ɗaya ake gani a ƙasan sandarta. Sabuwar moso tana da farar hoda a ƙarƙashin kowace gaɓa. Danginsu duka suna da kwari mai tsawo a gefen da reshe ya fito, kuma reshen yana sauya gefe ne daga gaɓa zuwa gaɓa, wannan dama, na gaba hagu. Tazarar gaɓoɓi ma ba ɗaya ba ce: gajeru ne a gindi, su yi tsawo a tsakiya. Kwamfuta kuwa, in ba an hana ta ba, maimaita abu take yi daidai wa daida, kuma ba abin da ido ke saurin kamawa irin tabo guda da ya bayyana sau goma a jere. Lissafin da Ken Perlin ya wallafa a 1985, wanda ke haifar da bambanci marar tsari amma mai laushi, da shi ake karya wannan maimaici har gobe.

Sheƙinta ma na musamman ne. Bawon gora yana ɗauke da kaki da silika, sinadarin da ke cikin rairayi, shi ya sa take ƙyalli ba tare da an shafa mata komai ba. Amma ƙyallin ba na gilashi ba ne, kuma ba ko'ina yake ɗaya ba. Wajen gaɓa ya fi dushewa, inda hannu ke yawan kamawa ya fi santsi. Wanda ya taɓa riƙe tsohuwar gorar makiyayi ya san wannan.

Akwai wani abu da na fi so masu zana kurmi su riƙe. Gora tana fitowa daga ƙasa ne da kaurin da za ta mutu da shi. Cikin 'yan watanni take kai iyakar tsawonta, har an auna wadda ta ƙaru da santimita 91 a rana guda, daga nan ba ta ƙara ko kauri ko tsawo. Saboda haka ba a gane tsufanta da girma, da launi ake ganewa. 'Yar bana kore ce shar, ta shekara uku ko huɗu ta fara dushewa, tsohuwa ta koma rawaya ko toka-toka da dabbare-dabbaren gansakuka. Baƙar gora ta Sin ma da kore take farawa, sai a hankali take rinewa. Dubi hoton kurmin Arashiyama da ke Kyoto da kyau: daga nesa kore ɗaya ne, daga kusa kowace sanda da shekarunta. Kurmin da aka zana da kore guda kurmi ne da aka haifa rana ɗaya, kuma babu irinsa a duniya.

Gorar masana'anta kuma wani babi ne. Ana tsaga ta sala-sala a manne da gam. In an kwantar da salar, alamun gaɓoɓi suna fitowa a fuskar allon. In an tsayar da ita a gefe, siraran layuka ake gani. Ruwan ƙasa-ƙasan da wasu allunan ke da shi ba fenti ba ne, zafin tururi ne ya dafa sukarin da ke cikin zaren. Silin ɗin tasha ta huɗu ta filin jirgin saman Madrid, wadda Richard Rogers da Antonio Lamela suka tsara aka buɗe a 2006, da irin waɗannan salar aka yi shi.

A nan ne maganar ta wuce ado. A fim ko wasan kwamfuta irin Ghost of Tsushima na 2020, in gora ta fi ta gaske kyau ba wanda ya yi asara. Amma masu zanen gini da hoto suke shawo kan mai kuɗi tun kafin a haƙa tushe. Gorar da aka sare ba ta zama kore. Tana komawa rawaya, in kuma rana da ruwa suna dukanta sai ta yi fari-fari ta tsage a tsaye. Sitacin da ke cikinta yana jawo ƙwari masu huda ta su mayar da ita gari, shi ya sa ake jiƙa ta a ruwan boraks. Simón Vélez na Kolombiya, wanda ya gina katafariyar rumfar gora a baje kolin duniya na Hanoba a 2000, ya shahara ne da faffaɗan rufi da kuma ɗaga ginshiƙai daga ƙasa, don kada danshi ya taɓa su. Hoton da ya nuna koriyar gora tsaye a fili, ba inuwa, gindinta cikin ƙasa, alkawari ne da ginin ba zai cika ba. A ganina ya kamata mai gini ya nemi a nuna masa hoto biyu, na ranar buɗewa da na bayan shekara biyar. Manhajar za ta iya, hoton launi da na kaushi kawai za a sauya.

Ga matasanmu da ke shiga wannan sana'a, tsadar manhaja ta daina zama hujja. Blender kyauta ce tun 2002, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025. Akwai rumbunan intanet irin Poly Haven da ke ba da hotunan fata kyauta. Sai dai gorar da ke fitowa a dazuzzukanmu har zuwa Habasha ba irin ta Japan ba ce. Dunƙule take tsirowa, bangonta kauri gare shi, wani lokaci ma cikinta a toshe yake. Wanda ke zana rumfar kasuwa ko shingen ƙauye a fim ɗin Hausa, gara ya nemi tamu ya ɗauke ta da kansa.

Ba ya buƙatar kaya masu yawa. Ya zaɓi ranar da gari ya yi lumshi, ko ya shiga inuwa, domin duk inuwa ko ƙyallin da ya maƙale a hoton zai yi karo da hasken da kwamfuta za ta ƙara daga baya. Ya riƙa juya sandar yana ɗauka har ya zagaye ta, ya ajiye abin awo a gefe don kada girman gaɓa ya ɓace masa, ya kuma haɗa da ɗanya da busasshiya da wadda ta shekara a rana.