Daga Kasuwar Artisan zuwa ɗakin injiniyoyi: ƙaramar da'irar lantarki da jin kurame ya rataya a kanta

Kasuwar Artisan ta birnin Inugu matattara ce ta Hausawa 'yan kasuwa, musamman masu sayar da awaki da tumaki da ake kawowa daga Arewa. Ciniki a irin wannan wuri da baki ake yin sa, cikin kukan dabbobi da rurin janareta da ƙahon motoci. Dillalin da kunnensa ya fara nauyi yana iya jin "bakwai" a inda aka ce "takwas", kuma wannan kuskure kaɗai ya isa ya cinye ribar yini. Haka lamarin yake a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca.

Matsalar ta duniya ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa mutum miliyan 430 na buƙatar taimako saboda raunin ji. A Arewacin Najeriya akwai ƙarin dalili, domin sanƙarau, irin wanda ya yi ɓarna a 1996, yakan bar waɗanda suka tsira da kurumta.

Na'urori iri biyu ake amfani da su. Ta farko ana saƙala ta a kunne, ta ƙara ƙarfin sauti. Ta biyu sai an yi tiyata an dasa ta, inda ake zura siririyar waya mai bakuna 12 zuwa 22 cikin sashen kunnen ciki mai siffar katantanwa, ta riƙa taɓa jijiyar ji da lantarki kai tsaye. Graeme Clark ya yi irin wannan dashe a Melbon ta Ostireliya a 1978. Dukkansu biyu sun dogara da wata ƙaramar da'ira mai bin sawun hawa da saukar ƙarfin sauti.

Wannan da'ira ba baƙuwa ba ce ga duk gidan da aka taɓa sauraren BBC Hausa a gajeren zango, domin ita ce ke fitar da muryar mai gabatarwa daga igiyar da tasha ta aiko. Dayod yana barin rabin igiyar ya wuce ya tare ɗaya rabin, kafasita kuma ya daidaita abin da ya wuce, sai a samu layi guda mai nuna inda sauti ya yi ƙarfi da inda ya lafa. A na'urar saƙalawa, wannan layi ne ke faɗa mata ta ɗaga raɗa, ta kuma danne ƙarar ƙaho kafin ta cutar da kunne. Dole ta amsa cikin 'yan kashi kaɗan na dubun daƙiƙa idan ƙara ta taso, sannan ta saki a hankali. In ta yi jinkiri, ƙarar ta riga ta shiga. In ta yi gaggawar saki, hayaniyar kasuwa za ta riƙa kumbura tsakanin kalma da kalma.

Wahalar injiniya tana wajen wuta. Batirin na'urar ji bai wuce girman maɓallin riga ba, kuma ƙarfinsa kusan bolt 1.4 ne, alhali dayod na silikon yana buƙatar kimanin bolt 0.6 kafin ya buɗe, siginar makirufo kuwa ba ta ko kusa da haka. Shi ya sa masu ƙira suka koma gina da'irar da taranzistoci masu aiki da ɗigon wuta. A 2003, ayarin Rahul Sarpeshkar na cibiyar MIT a Amurka ya wallafa irin wannan da'ira wadda ba ta cin mikrowat 3. Ga ɗan kasuwar Artisan, ma'anar wannan lissafi a fili take: batirin da ke ƙarewa cikin kwanaki kuɗi ne, kuma na'urar da mai ita ya gaza ciyar da ita a aljihu take ƙarewa.

Akwai kuma batun harshe. Tsarin da Blake Wilson da abokan aikinsa suka fitar a 1991, wanda na'urorin dashe da dama suka ginu a kansa, yana raba sauti zuwa zanguna, ya ɗauki hawa da saukar ƙarfin kowane zango, ya watsar da mafi yawan sauran bayanin. Wannan yana wadatar da mai jin Ingilishi a wuri shiru. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti: da shi ake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. A harshen Ibo, kalmar "akwa" tana iya nufin ƙwai, ko tufa, ko kuka, ko gado. Binciken da aka yi kan masu jin Sinanci ya nuna cewa gane karin sauti na daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da masu dashe. Ciniki tsakanin Bahaushe da Ibo kuwa da harsuna biyu masu kari ake yin sa.

A nan ne aikin ma'aikatan gwamnatin tarayya ya shigo. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana Kaduna tun 1999, dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta samu sa hannu a Janairun 2019, dokar inshorar lafiya ta NHIA kuma a 2022. Duk lokacin da ake shirya takardar sayo na'urorin ji, ya kamata jami'in da ke rubuta ta ya nemi sanin kwana nawa batiri ke yi, ko ana iya cajinsa da hasken rana kamar yadda aka gwada a Botswana, wa zai saita na'urar bayan an raba ta, kuma ko an gwada ta da kalmomin Hausa da Ibo da Yarabanci cikin hayaniya. Rabon na'ura a bikin ranar 3 ga Maris, Ranar Ji ta Duniya, aikin yini ɗaya ne. Batiri da saiti da gyara kuwa sai an ba su gurbi a kasafin kowace shekara.