Yadda Ƙwayar Cutar Ƙanjamau Ke Kutsawa Cikin Ƙwayoyin Jini

Kalmar ƙanjamau daga ƙanjamewa ta samo asali, wato ƙarshen al'amarin Bahaushe ya gani ya raɗa masa suna. Farkonsa kuwa ido ba ya riskarsa, domin faɗin ƙwayar cutar, wadda aka gano a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris a 1983, kimanin nanomita 120 ne kacal. Ba ta hayayyafa sai ta shiga wata ƙwayar jiki, galibi fararen ƙwayoyin jinin da ke jagorantar garkuwar jiki.

Sai dai ita da abin farautarta kowanne na lulluɓe da tantanin kitse, kuma tantani biyu ba sa haɗewa haka siddan. Makamin cutar 'yan ƙayoyi ne a bayanta, waɗanda ba su cika wuce goma sha huɗu ba. Kowace ƙaya furotin iri biyu ne, uku-uku: gp120 a kai, gp41 a gindi.

Da farko gp120 kan kama wani furotin da ke fuskar farar ƙwayar jini mai suna CD4. Wannan kamu ba ya buɗe ƙofa. Siffar gp120 kawai yake sauyawa, ya tona wani lungu da ke ɓoye. Da wannan lungu take cafke mariƙi na biyu, CCR5 ko CXCR4, waɗanda sai a 1996 aka gane rawarsu. Daga nan gp41 ke miƙewa ya soka tsininsa cikin tantanin ƙwayar jinin kamar ƙugiya, sannan ya naɗe gida biyu, ya zama dami mai sanduna shida. Ƙarfin wannan naɗewa ne ke janyo tantanin biyu har su narke cikin juna, kafa ta buɗe, cikin ƙwayar cutar ya zube ciki.

A ganina mariƙi na biyun ya fi cancantar nazari. Akwai mutane ƙalilan, akasari 'yan asalin arewacin Turai, da suka gaji rashin CCR5 daga iyaye biyu, kuma mafi yawan nau'o'in cutar ba sa kama su. Dashen ƙwayoyin tushen jini daga irin wannan mutum aka yi wa Timothy Ray Brown a Balin a 2007, ya warke. Wannan gado da wuya a same shi a Afirka.

Masu harhaɗa magunguna sun bi wannan sawu. Maraviroc, da aka amince da shi a Amurka a 2007, toshe CCR5 yake yi. Enfuvirtide na 2003 kuwa maƙalewa yake a jikin gp41 lokacin da ya miƙe, ya hana shi naɗewa, amma allura ce sau biyu a rana.