Yadda Ake Gane Murabba'i A Gona

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano cikin shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Ƙasar da ba a nomawa sai da damina ta koma ba da shinkafa da alkama da tumatir har da rani, saboda haka kowane ɗan yanki nata ya yi daraja. Wanda duk ya ratsa wurin zai ga an yanyanka filaye masu kama da murabba'i. To, mene ne ke sa a kira siffa murabba'i?

Sharaɗi biyu ne. Na fari, gyaffanta huɗu su zama tsawonsu ɗaya. Na biyu, kusurwoyinta huɗu su zama tsayayyu, watau kowace digiri 90, kamar kusurwar takardan nan da muke karantawa. Haka Uƙlidis, masanin lissafin nan na Iskandariyya, ya bayyana wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Da yawanmu mukan riƙe na fari mu manta da na biyu, nan kuwa hasara take. A ce manomi ya yi hayar fili, aka auna masa kowane gefe mita 20. In kusurwoyin tsayayyu ne, 20 sau 20, ya sami murabba'in mita 400. Amma in filin ya karkace, kusurwa biyu suka matse zuwa digiri 60, gyaffan na nan yadda suke, abin da ke ciki kuwa ya ragu zuwa wajen 346. In suka matse zuwa digiri 30, sai 200, watau rabi ke nan. Ga shi ya biya kuɗin 400, bai san inda sauran ya shiga ba.

Maganin wannan igiya ce kawai. Bayan an auna gyaffa, sai a ja ta daga wata kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, sa'an nan a ja tsakanin sauran biyun. In murabba'i ne, awon biyu zai zo daidai, kowane mita 28 da ɗan ɗoriya. A karkataccen filin nan na digiri 60 kuwa, ɗaya 20 ne, ɗaya kusan 35. Amma a lura, fili mai tsawo ya fi faɗi shi ma ratsinsa biyu kan zo daidai, don haka tilas a haɗa da awon gyaffa.

In kuma sabon fili za a yanka, a sami igiya mai mita 12, a yi mata alama a mita 3 da mita 7, a haɗa bakinta biyu. Sai a kafa turke uku, a mahaɗin da wurin alamun, igiyar ta miƙe sarai, gyaffa su zama 3 da 4 da 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 tsayayya ce, babu shakka.

Saboda haka, 'yan'uwa, ran da aka danƙa mana aji, kada mu bar murabba'i a jikin allo kaɗai. Mu fita da yara fili da igiya da turaku, gama yawancinsu 'ya'yan manoma ne, su za su auna wa iyayensu gobe. Allah ya sa mu amfana da abin da muka koya, amin.